Garwa Biyu a Balad

Bayan La'asar muka shiga Balad,
ni da Zulai da yara biyu,
da Inna Tasalla da muka lallasa da ƙyar,
don ta ce tsoho ba ya zuwa kallon tsofaffin kaya,
madubi ya ishe shi.

Gidan hawa huɗu ne, na dutsen teku,
tagogin katako sun turo kai bisa titi
kamar masu leƙen wa zai wuce.
Mai gadi ya miƙo tikiti
da gahawa a kofin da bai fi kurɓi biyu ba.

Muhannad ya ruga wajen takubba.
Rima ta liƙe wa akwatin amarya,
tana tambaya da Larabci,
uwarta na amsawa da Hausa,
suna haɗuwa a tsakiya.
Ga ma'aunin lu'ulu'u, ga fitilar ƙwai,
ga tukunyar tagulla an kewaye ta da igiya.
Inna ta nuna ta da sanda:
"Wannan ma tarihi ne?
Da irinta na tuƙa tuwon sunanka."

A hawa na biyu, can cikin lungu,
wata sanda ce rataye da garwa biyu,
an goge su har suna ƙyalli,
su da ba su san ƙyalli ba a zamaninsu.
Samansu hoto, baƙi da fari:
mutum ya ranƙwafa ƙarƙashin kaya,
motsi ya shafe fuskar, sai inuwa.
Kalma uku aka rubuta ƙasa,
Muhannad ya fassara mana yana ƙwambo:
"Mai ruwa, Jidda."

Sandar Inna ta daina ƙwanƙwasa ƙasa.

"Rima, idona ya gaji.
Ƙirga mini yatsun hannun nan."
Wahid, itnin, talata, arba'a, hamsa.
Yarinya ta tsaya, ta dube ni,
ta sake daga farko, wannan karo da Hausa,
a hankali, kamar mai taka ƙaya.
Har shida.

"Cindo," in ji Inna. "Babana.
Da ƙafa ya taso daga Gumel,
damina bakwai a hanya.
Ya tsinci auduga a Jazira,
ya jira jirgi a Sawakin har takalminsa ya ƙare.
Benaye irin wannan ya yi ta hawa
da ruwan da wasu za su sha.
Kafaɗarsa ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi,
ni ke shafa mata man shanu da dare."

Na buɗe baki zan ce masu shida suna da yawa,
garin nan ya ga dubban masu ruwa.
Zulai ta taka mini ƙafa.
Na haɗiye.

Inna ta tsallake igiyar.
Mai gadi ya taso da "mamnu'" a bakinsa,
ya ga fuskarta,
sai ya juya yana gyara tagar da ba ta lalace ba.
Ta sa yatsa biyu ta ɗaga garwa ɗaya,
ta jinjina, ta mayar.
"Ba nauyi," ta ce.
"Garwar suka samu.
Nauyin ya tafi da shi."

Ba mu hau sauran benen ba.
A ƙofa na sayi ruwan gora biyar,
riyal ɗaya ɗaya, mai sanyi har yana gumi.
Muhannad ya ƙwace ledar, ya saɓa a kafaɗa,
ya ƙi bari a taya shi har mota.

Ana kiran Magariba, shaguna na rufewa,
Rima na baya, ta baje tafinta a cinyar Inna,
tana juya shi ciki da bai.
"Inna, ni me ya sa aka ba ni biyar?"