Awon Baya a Kasuwar Barci

Ranar Laraba na shiga Kasuwar Barci
da saƙon da Yashim ya turo:
kwana uku kan duwatsun Kagoro,
ka nemi jaka ta kirki,
ban da ta 'yan makaranta, ban da buhu da igiya.

Layin gwanjo, rumfa ta bakwai,
jakunkuna rataye kamar jemagu.
Na nuna wata ja mai ƙyalli,
aljihu ko'ina, zif ko'ina,
na ce wannan zan saya.

Barau bai ko ɗaga kai ba.
Shekara ashirin ya yi yana dako a tashar Kawo
kafin gwiwa ta ce masa ya isa.
Ya ce, ido ka kawo kasuwa, Malam,
ga shi ba ido zai ɗauka ba. Juyo min baya.

Ya sa yatsa a ƙashin wuyana,
wanda ke tasowa in an sunkuya,
ya sauko da tef ɗin tela
har inda ƙugu ya yi tudu.
Ya ce, tsawonka duk a ƙafa yake,
gangar jikinka gajeriya ce.
Shekara arba'in da shida ina haya a jikin nan,
sai yau na ji wannan gaskiya.

Ya jawo wata daga ƙarƙashin tebur,
ruwan ƙasa, da faci a gindi,
sunan wani a ciki, rabi ya goge.
Lita hamsin, in ji shi.
Wadda ta fi haka, kwaɗayi zai cika ta,
kai kuma ka biya da wuya.

Ba a gwada jaka da iska a ciki.
Ya zuba galan biyu na ruwa,
ya cusa wanduna shida na gwanjo:
marar nauyi a ƙasa,
mai nauyi jikin gadon baya, a tsakiya.

Na fara jan maɗaurin kafaɗa,
ya buge min hannu.
Ba ka taɓa kallon mai goyo ba?
A ina take ɗaure majanyi?
Ƙugu ne jaki, kafaɗa 'yar rakiya.

Muka sassauta komai, muka sake.
Ɗamara tukuna, kan ƙashin ƙugu, tamau.
Sannan kafaɗa, kaɗan.
Sannan 'yan igiyoyin nan biyu na sama
masu jawo kayan su kwanto jikinka.
Na ƙirji a ƙarshe, kada ya hana numfashi.
Sai na ji nauyin ya zame ƙasa,
shiru, kamar guga ya sauka rijiya.

Ya ce in zaga.
Na bi ta wajen teloli, na ɓullo ta masu takalma,
wata mai awara ta ce, Alhaji, sai ina?
Na dawo da gumi da wani ɗan zafi a hagu.
Ya lanƙwasa ƙarfen ciki a gwiwarsa,
wannan gwiwar dai da ta gajiya.

Kwana na biyu a kan dutse,
hazo a ƙasa da mu, gonaki kamar tabarmi,
Lurwanu, wanda ya sayi ja mai ƙyalli,
ya naɗe tawul ƙarƙashin maɗauri
yana tafe yana la'antar zif.
Ni ma ban tsira ba:
rediyo da littafi uku da ban buɗe ba
sun koya min lissafi a hanya.

Da na dawo, na kai wa Barau zuma kwalba guda.
Na soma ba shi labarin gajimare,
da sanyin asuba, da ƙoramar da muka sha.
Ya katse ni.
Ya ce, bar wannan. Ina ta ci ka?
Na ce babu.
Ya ce, ɗaga riga in gani. Juya.