Mai Haɗa Taragu

Wata bakwai ke nan a Samaru
ina farautar ƙananan kalmomin Ingilishi.
Manyan ba ruwana da su,
su da kansu suke ɗaga murya.
Masu raɗa nake bi,
masu aikin "amma" da "don haka" da "duk da haka",
da wani wakilin suna na Turawa
wanda shi ba namiji ba, ba kuma mace ba.
Sai ya tsaya a layi na tara
yana nuna abin da aka baro a layi na biyu,
kamar mai nuna hanya da leɓe.

Dakta Ladingo ta ce mana ran Talata,
alli a hannu, tabarau a goshi:
"Jimla ba ta zaman kanta.
Ko ta riƙe hannun ta baya,
ko ta bar wa ta gaba ƙofa a buɗe.
Ku je ku ƙirgo mini."

Na ƙirga.
Sharhin jarida arba'in, na bi su ɗaiɗai.
Jan biro na mahaɗi ne,
kore na kalmar da ta dawo da sabuwar riga,
shuɗi na wadda aka cire
amma gurbinta na nan da ɗumi,
kamar tabarmar da baƙo ya tashi a kai yanzu.

Ran Asabar na je gida Tudun Wada.
Inna ta ce in duba mata takardar fili
a adakar Baba.
Ƙarƙashin katin asibiti da rasiɗin haraji
sai ga kwafin wata wasiƙa,
shuɗin kabon ya koɗe,
zuwa ga manajan reluwe.
Ingilishin ɗan aji huɗu ne.
Aikatau na ɗingishi,
jiya da yau sun sha ruwa a kwano ɗaya.
Ga abin da take cewa:

Shekara talatin ina haɗa taragu a tashar Zariya.
Fansho bai zo ba.
Yara shida.
Damina ta kama. Ɗaki na yoyo.
Na zo ofis sau tara.
Yara shida, ranka ya daɗe.
Ina jira.

Na zaro jan biro, don hannu ya saba.
Na bi layi, na dawo, na sake bi.
Babu abin zagayewa.
Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa
yana kutsawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe
yana jefa ƙugiya a zobe
har tarago talatin su zama jirgi guda,
ya jera jimla bakwai
bai sa ƙugiya ko ɗaya ba.

A ma'aunina sifiri ta ci.
To me ya sa ban yi tuntuɓe ba?
Tsakanin "bai zo ba" da "yara shida"
akwai wani fili fari, faɗin yatsa,
nan ya kamata "alhali" ta zauna.
Ba ta nan.
Ni na faɗa ciki.
Ni ce ta biyar a shidan nan,
ni ce mai riƙe roba ƙarƙashin yoyon.

Inna ta ƙwala kira daga madafi:
"Barmani, kin gani ko ba ki gani ba?"
Na ce na gani.
Ba takardar fili nake nufi ba.

Ran Litinin na kai wa Dakta.
Ta sauko da tabarau, ta karanta a tsaye,
leɓenta na motsi.
Ta daɗe ba ta ce komai ba,
fanka na ta kaɗa gefen takardar.
Can ta ce, "Sa ta a babi na huɗu,
ki buɗe mata sabon gurbi a jadawalin."
Har na kai bakin ƙofa ta ce,
"An biya shi kuwa?"

Na ce an biya,
sati biyu bayan sadakar arba'in.