Dubu Arba'in da Ɗaya

Yaron dila ya kira ni Dona Graciete
da murya mai santsi kamar an shafa mata man shanu.
Rigarsa fara ƙal, farcensa bai san baƙin mai ba.
Ya miƙo gahawa a kofin takarda,
sannan ya juyo lissafin ya fuskance ni
kamar likita mai jin nauyin faɗin sunan cuta.

Yuro dubu uku da ɗari biyu da sittin.

Na ce, ɗana, leƙa mitar nan mana.
Shekara goma sha tara tana hannunmu,
kilomita dubu arba'in da ɗaya kacal ta taka.
Daga Viseu zuwa gonar zaitun, daga gona zuwa coci,
ran Talata kasuwa, iyakar duniyarta ke nan.
Raɓa ba ta taɓa kwana a bayanta ba.
Amândio kan lulluɓe ta da bargo
kafin ya tuna ni ma ina jin sanyi.

Ya bi layi-layi da bakin biro:
bel ya tsattsage, robobi sun bushe,
bututun birki ya fara gumi,
ga wani ɗan akwati mai ƙwaƙwalwa
da sai an aiko da shi daga Jamus,
ba a gyara shi, sai dai canji.
Kuɗin hannu kuwa, awa guda tamanin da biyar.
Ni da na shekara talatin ina ɗinka labule
ban taɓa sayar da awata a kan goma ba.

Sai ya rage murya:
motar kanta ba ta kai rabin wannan ba.
Ya nuna da haɓa inda sababbi ke ƙyalli,
ya ce wata-wata ake biya, ba a ma ji.
Fanshona ya ji.
Daga cikin jaka na ji ya yi tari.

Daren nan a cikinta na zauna, ban kunna ba.
A aljihun gaba na iske littafinsa,
kowace lita da ya sha, da kwanan wata,
da wannan rubutu nasa mai kama da ƙafar kaza.
Shafin ƙarshe bai kai rabi ba.

Maƙwabciyata Ermelinda ce ta ce, je ki ga Ilídio,
bayan injin yankan katako, inda kare mai ido ɗaya yake.
Tsoho ne kamata. Bai ba ni gahawa ba.
Ya ɗora bakin sukudireba a kan inji,
ya kafa kunne a ƙotar
kamar ungozoma tana sauraren ciki.

Ya ce, yaron bai yi ƙarya ba,
ya dai zuba na yau da na baɗi a kwano ɗaya.
Bel da birki, yanzu, ba na wasa da su.
Akwatin akwai irinsa a wajen masu kwance a Mangualde.
Sauran su jira, mu ma jira muke.
Ɗari bakwai da tamanin.

Da zan tafi ya goge hannu a wando ya ce,
ba hanya ce ta cinye ta ba, zama ne.
Roba in ba ta motsi, mutuwa take.
Ya dubi gwiwoyina da ya faɗi haka,
ko kuwa ni ce na ga kamar ya duba.

Amândio ya sha cewa za mu je ganin teku
in an gama tsinkar zaitun,
in an sauke farashin mai,
in ba za a wahalar da mota ba.

Ran Alhamis na nufi yamma, gilashi a sauke.
Na wuce wata babbar tirela, zuciyata na dukan uku-uku,
motar na wani gurnani da ban san tana da shi ba.
A Barra na tsaya gindin hasumiyar fitila,
iska mai gishiri ta kwance mini ɗankwali.

Na buɗe littafin, ƙarƙashin layinsa na ƙarshe,
na rubuta: lita ashirin.
Na ƙara da abin da bai taɓa rubutawa ba,
sunan wurin da aka je.