Ƙofar Ruwa

Ƙarfe biyun dare a Wad Madani.
Fanka na juyi kamar an tilasta mata,
gahawa ta huce a kofi,
ni da kwamfuta mun zuba wa juna ido.

Aikin ba wani babba ba ne:
hoto mai motsi na ƙungiyar manoma,
a nuna wa yara yadda ake ban ruwa.
Umarni huɗu na ƙulla a sarƙa:
buɗe ƙofa,
saki ruwa,
tsirar da auduga,
kira masu tsinka.

Na danna.
Sai ga auduga ta yi fari fat a busasshiyar ƙasa,
mata sun cika buhuna sun kama hanya,
ƙofar kuwa tana can tana ɗagawa a hankali.
Ruwa ya iso gona
ya tarar an watse.

Na yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.
Ashe na'urar nan ba ta san jira ba.
In ta ce wa ƙofa "buɗe",
ba ta tsayawa ta ga an buɗe,
ta riga ta yi gaba tana rabon saƙo
kamar ɗan aiken da ke jefa wasiƙa ta kan katanga.

Sai na yi dabarar raggo,
na ɗaura wa kowa agogo.
Ruwa, dakata daƙiƙa biyu.
Auduga, ke biyar.
Masu tsinka, kada ku motsa sai tara ta cika.
A allona komai ya tafi daidai.
Na tura wa Hajo ta gwada a tsohuwar wayarta,
wadda sai ta yi nishi kafin ta buɗe hoto.
Amsa ta dawo, layi ɗaya tal:
"Audugarka ta sake riga ruwa."

Nan na tuna Baba Nomau.
Shekara talatin yana gadin ruwa a bakin magudana,
bai taɓa ɗaura agogo ba.
Yakan buɗe ƙofar farko ya tsuguna yana ɓare gyaɗa
har sai Jibo, can ƙarshen gona,
ya ɗaga rawaninsa a kan sanda.
Wata rana kafin hantsi.
Wata rana ciyawa ta tare hanya, sai azahar.
Na taɓa ce masa, "Baba, ai an daɗe."
Bai ko waiwayo ba.
Ya ce, "Daɗewa ba labari ba ce. Ka ga rawani?"

Na share agogunan nan kaf.
Na sa kowane umarni ya bar alkawari:
in na gama, zan faɗa.
Na bayansa ya karɓa ya riƙe,
ba lissafi, ba tsammani, ba "wataƙila yanzu".
Kuma ba duniya ce ta tsaya ba:
belbelun da na zana suna ta shawaginsu,
maɓalli na amsa yatsa.
Mai jira kaɗai ke jira.

Har na miƙe, sai na koma na zauna.
In ƙofa ta cije fa?
Ai Jibo ma yana da ihu
na ranar da ganuwar gona ta fashe.
Na yanka wa mummunan labari tasa hanyar,
ya bi sarƙar har ƙarshe yana sallamar kowa,
kada a tura mata tsinka a fako.

Ladan ya fara gyaran murya
lokacin da wayar Hajo ta gama nishinta.
Ƙofa. Shiru mai tsawo.
Ruwa, yana lalube kunya kunya.
Kore. Sannan fari.
Sannan mata da buhunansu.

Ta rubuto: "Yana da nawa."
Na ce, "Wa ya riga wa?"
Ta ce, "Ba kowa."

Na zubar da sauran gahawar a gindin lemo,
na ɗauki buta.