Tafinta

Shekara goma sha tara ina ara wa mutane bakina
a wannan ɗakin kotu, a Gombe,
inda fanka ke juyi in an kawo wuta,
in ba a kawo ba mu yi fifita da takardun ƙara.

Aikina guda ne: abin da aka faɗa da Hausa
in juye shi da Turanci, mai shari'a ta rubuta.
Ban ƙara gishiri, ban rage yaji.
Na juye rikicin gona, na juye satar shanu,
na juye gadon da ya raba wa da ƙane,
na koma gida na ci tuwona lafiya.

Sai ranar Talatar da Hansatu ta tsaya.
Sheƙar shinkafa take yi a wani inji a Bogo.
Ta ce, "Ya ce in jira kuɗin mako.
Sauran mata suka watse.
Ya tura ƙofar sito da ƙafa."
Ƙa'idar aikinmu, ba a cewa "ita", sai "ni".
Sai na ji bakina, ni mai furfura, uban 'yan mata uku,
yana cewa: ni aka rufe wa ƙofa,
ni na yi ihu, ƙarar inji ta haɗiye.

Lauyan manaja ya miƙe yana gyara baƙar riga.
Me ya hana ki gudu? Wane kaya kika sa ranar?
Don me sai bayan kwana huɗu kika je asibiti?
Waɗannan ma ni na ɗauko su,
na miƙa mata da harshen da uwarta ta yi mata tawai,
kamar mai miƙa garwashi a tafin hannu.
Ba ta dube shi ba.
Ni ta duba.

Aka ɗage. Aka sake ɗagewa.
Yau mai gabatar da ƙara ya tafi ta'aziyya Dukku,
gobe takardar likita ta yi ƙafa,
jibi babu mai a motar gidan yari.
Sau goma sha ɗaya, na ƙirga a bayan kalanda.
Kowane zuwa da kuɗin keke,
ga shi tun tuni an ba wata tabarmarta a injin.

A tsakani dattawa suka sallama gidansu
da goro, da ambulan, da "a rufa asiri".
Ta ce asirin wa?
Suka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse.
Ta ce to, a kotu za ta dafa nata.
Kawunta ne ya ba ni labari a gindin darbejiya,
ban gane ba ko ƙorafi yake ko alfahari.

Ranar hukunci an kwana ana ruwa.
Mai shari'a ta karanta shafi ashirin da 'yan kai,
ta iso kan wata gajerar kalma
da na sha juyewa ban taɓa jin nauyinta ba.
Na waiwaya na ce,
"Kotu ta yarda da ke. Ta same shi da laifi."
Rabin farko ba ya cikin takarda.
Shi ne kaɗai gishirin da na taɓa ƙarawa.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba.
Ta tambaye ni ko za a mayar mata da zanenta
da ke cikin leda, an liƙa masa lamba.
Ta ce ba don ta ɗaura ba.

Da na fito, wasu mata biyu na raɓe da katanga,
ƙaiƙayin shinkafa a gefen mayafinsu.
Ɗaya ta dubi ƙasa, ɗaya ta ce,
"Malam, ta wace ƙofa ake farawa?"
Na ce su biyo ni.