Kwana Bakwai Ba Tanderu

Shekara talatin da ɗaya ina sunkuya cikin tanderu,
kai a ƙasa, ƙafa ɗaya a sama,
ina manna ƙullu a bangon wuta
tun Tbilisi ba ta buɗe ido ba.
Bayana bai taɓa cewa uffan ba.

Ranar Talata ya yi magana.
Ba buhun fulawa na ɗauka ba,
cokali ne ya faɗi, na duƙa,
sai wani abu ya damƙe ni a ƙugu,
tsoka ta dunƙule kamar hannun marowaci.
Na tsaya a karkace,
numfashi ma sai da lallashi.
Burodi goma sha biyu suka ƙone ina kallo.

Eteri, 'yata, ta kai ni asibiti a motarta.
Duk ramin da ke kan titi sai da muka gaisa.
Likita Tsiuri ta danna nan, ta danna can,
ta sa na ɗaga ƙafa, ta tambaya ko yatsuna suna ji.
Ta ce, "Revaz, ƙashinka lafiya lau.
Tsoka ce ta firgita, ta riƙe,
ta manta yadda ake saki."
Ta rubuta da hannu mai sauri:
ƙwaya ɗaya da dare, kwana bakwai, kada ka ƙara.
Ban da tuƙi. Ban da bakin wuta.
Giyar inabin ƙanenka ta jira a tulunta.
"Ba waraka na ba ka ba," in ji ta, "aron sauƙi ne,
kuma kayan aro ana mayarwa.
Ka sa ɗumi, ka riƙa takawa a tsakar gida."

Ƙwayar ba ta kai wake girma ba.
Na haɗiye ina raina ta.
Kafin agogon coci ya buga goma
rufin ɗaki ya yi nisa,
gwiwoyina suka zama ruwa,
bakina ya bushe kamar ɓawon burodin jiya.
Ƙarfe uku na farka, don jiki ya saba,
na tarar hannuwana suna murza bargo,
suna neman ƙullun da ba ya nan.

Gocha, yaron shagona, ya riƙe wuta.
Ya aiko mini da guda, a nannaɗe cikin jarida:
wutsiya ɗaya doguwa, ɗaya guntuwa,
gishiri ya yi kaɗan.
Na cinye tas. Ban faɗa masa ba.

Rana ta huɗu ƙullin ya sassauta,
na sa safa da kaina, na yi dariya ni kaɗai.
Rana ta biyar zuciya ta raɗa mini:
sha biyu, ka sauka, tanderu na kewarka.
Na juya kwalin a hannu, na juya.
Sai na tuna yadda na yi tuntuɓe da tabarma jiya,
ido biyu, amma rabina yana barci.
Mai irin wannan kai ba ya leƙa garwashi.
Na mayar da shi bayan gwangwanin shayi,
inda Eteri ke ƙirga su a asirce,
tana zaton ban sani ba.

Dare na bakwai na sha ta ƙarshe.
Uku suka rage a kwali.
Da safe na taka a hankali zuwa kantin magani,
na ajiye su gaban mai farin gilashi.
Ta dube ni, ta dubi ƙwayoyin,
ta ce mutane ba su cika dawo da su ba.

Litinin, da duhu, na buɗe shago.
Ƙamshin yisti ya tare ni a bakin ƙofa.
Cokalin nan yana nan a ƙarƙashin tebur,
mako guda ba wanda ya gan shi.
Na lanƙwasa gwiwa, na sauka tsaye kamar mai ɗaukar jariri,
na ɗauko shi.
Bayana ya yi gyaran murya, sau ɗaya.
Na ce, na ji.
Gocha, ƙaro gishiri.