Gwangwanin Madara

Shekara biyu ina wankin mota a Jidda,
hannu ya yi kanta, sabulu ya cinye farce.
Riyal dubu uku na tara a gwangwanin madara,
ba wanda ya sani sai kyankyasai.

Bayan Isha saƙo ya shigo:
"Ɗan'uwa Sallau, igamarka za ta fito Alhamis."
Hausar Katsina tsantsa,
har da tambayar jikin Inna.
Hotonsa da harami, Ka'aba a bayansa.
Wa ke zargin mai harami?

Na tura.

Alhamis ta zo ta wuce, takalmanta a hannu.
Na kira, layi a kashe.
Hoton ma ya ɓace, saura da'ira fayau
kamar akushi bayan baƙi sun tashi.

"Kai ma, Sallau, duk wayonka?"
Ban tanka ba.
Ba kwaɗayi ya buɗe masa ƙofa ba,
kewar harshen gida ce.

Jiya wani ya yi sallama a waya.
Na amsa, sallama haƙƙi ce,
na ce mu haɗu a Bab Makka, ido da ido,
ni zan sayi shayi.

Na saya kuwa.
Kofinsa na nan, ya huce.